Tambaya kan Fatima Ahmad Ibrahim: me ya iso hannun matan kambo (sansanin ma'aikatan gona) daga aikinta?

Ummu Hafsa, Gadarif

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan uwa. Ajin yaƙi da jahilci na matan unguwa yana son a ware zama ɗaya a kan Fatima Ahmad Ibrahim, kuma da Hausa za a yi shi, don yawancin iyayen da ke zuwa Larabcinsu na ciniki ne, ba na littafi ba. Abin da ke yawo a Facebook layi biyu ne kullum: mace ta farko a barlaman, wato majalisar dokokin Sudan, ta rasu a Landan. Wannan ba zai riƙe mata ko rabin awa ba.

Ina roƙon wanda ya san zancen ya warware mini. Ta wace ƙofa ta shiga majalisa a zamanin da yawancin mata ko sunansu ba sa iya rubutawa? Waɗanne dokoki ne suka canja a zahiri? Da ake kiranta mai neman zaman lafiya, wane sulhu ta yi? Sannan na tabbata wata za ta ɗaga hannu ta ce ai shuyu'iyya ce, wato 'yar gurguzu. Me za a ce mata?

Malam Na-Maiwurno, Sinnar

Wa alaikumus salam. Allah ya ba da ladan aikin, Ummu Hafsa. Bari in ɗauki ta farkon, sauran akwai waɗanda suka fi ni.

Kada ki fara musu daga 1965. Ki fara daga 1952, shekarar da aka kafa Ittihadin Matan Sudan. Ba ita kaɗai ba ce, kuma ba ita ce shugaba ta farko ba. Fatima Talib ce ta fara riƙe shi, ga Dakta Khalida Zahir cikin matan farko da suka zama likitoci a ƙasar nan, ga Hajja Kashif Badri, ga Nafisa Ahmad al-Amin. Fatima Ahmad Ibrahim ta karɓi shugabanci a 1956. Aikin shekarun farko ba siyasa ba ce a fili: ajin karatu da yamma, ɗinki, tsabtar gida, renon jarirai, wato irin wannan ajin da kuke yi yanzu. Da gangan aka yi haka. Uban da ba zai bar 'yarsa ta je taron jam'iyya ba zai bar ta ta je koyon keken ɗinki. A ajin ne ake sanin wace ce aka aurar ba da yardarta ba, wace ce malamar da ake biya ƙasa da abokin aikinta. Daga nan buƙatun suka fito. Da Ittihad ta fara neman haƙƙin zaɓe sai kan ya rabu, masu ra'ayin Ikhwan irin su Su'ad al-Fatih suka fita.

A 1955 ta fara fitar da mujallar Sautul Mar'a, wato Muryar Mace. Amfanin mujallar ya fito ne bayan Janar Abbud ya karɓi mulki a Nuwamba 1958 ya rufe jam'iyyu, ita ma Ittihad aka rufe ta. Ofis ya tafi, amma mujalla ta ci gaba da fita, ana hana ta tana dawowa, ita ce ta riƙe matan a haɗe har Oktoba 1964, lokacin da kisan ɗalibi Ahmad al-Ƙurashi a Jami'ar Hartum ya tayar da gari, Abbud ya sauka. Mata sun fita titi a wannan boren, shi ya sa gwamnatin riƙo ba ta da bakin hana su ƙuri'a. Aka ba kowace mace damar zaɓe da tsayawa takara, aka kuma sauko da shekarun zaɓe zuwa 18.

Yanzu ga ƙofar da kika tambaya. Akwai abin da ake kira da'irorin hirrijin, kujeru na musamman da masu shaidar sakandare zuwa sama kaɗai ke zaɓa, ƙasa duka a matsayin mazaɓa ɗaya. Mai ilimi yana da ƙuri'a biyu ke nan: ta garinsu da ta hirrijin. A 1953 kujerun 5 ne, a 1965 aka mai da su 15. Ta nan Fatima ta shiga, da goyon bayan Ittihad da 'yan gurguzu, waɗanda da su da abokansu suka kwashe 11 daga cikin 15 ɗin. Ma'ana, malamai da ma'aikata da ɗaliban jami'a ne suka zaɓe ta. Ba ta kara da ɗan gidan nazir, wato sarkin ƙabila, ko halifan ɗariƙa a wata mazaɓar karkara ba.

Wannan ba rage mata daraja ba ne, bayani ne na abin da ya biyo baya. A 1968 aka soke kujerun hirrijin, ba mace ko ɗaya da ta shiga. A 1986 aka dawo da su, 28, mata biyu suka shiga, duka ta wannan ƙofa, duka 'yan Jabha Islamiyya, ɗaya daga ciki ita ce Su'ad al-Fatih ɗin da ta bar Ittihad tun farko. In an rufe wannan taga sai ɗakin ya koma na maza zalla.

Don iyayen su gane nisan tafiyar, ki kawo musu Hajiya Gambo Sawaba, tsararta ce. Ita ta sha ɗauri da duka a NEPU tana neman wannan haƙƙin, amma matan Arewacin Najeriya ba su samu ƙuri'a ba sai 1976, babban zaɓe kuwa sai 1979. Mace a Kasala ta riga 'yar uwarta ta Kano da shekara goma sha ɗaya. In tana da jinsiyya, wato takardar zama 'yar ƙasa, ke nan, amma wannan na bar wa Ustaza.

Ustaza Inna, Madani

Malam ya jefo mini da mai nauyin. To, bismillah.

Ƙanwata, ki raba dokokin kashi biyu a allo, don hanyar da aka bi wajen samunsu ba ɗaya ba ce, kuma ba mutum ɗaya suka amfana ba.

Kashi na farko na aiki ne: albashi ɗaya ga aiki ɗaya, fansho, hutun haihuwa da albashi, da kuma a daina mai da mace ma'aikaciyar wata-wata da zarar ta yi aure. Wannan na ƙarshen shi ne mugun. Malama tana da cikakken matsayi, ranar da aka ɗaura mata aure sai ta koma kwangilar wata, ba fansho, ana iya sallamarta kowane lokaci. An samu waɗannan ne a hankali daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, wasu a majalisar da ta zauna, wasu bayan Numeiri ya hau mulki. Ba jawabin barlaman kaɗai ya kawo su ba. Ittihad ta jingina da ƙungiyar ƙwadago da ta malamai, masu iya tsayar da jirgin ƙasa a Atbara da rufe makarantu. Buƙatar mata ta shiga cikin takardar buƙatun ma'aikata, shi ya sa aka saurara.

Kashi na biyu na gida ne, kuma nan ne dabararta ta fi burge ni. A wancan zamani babu kundin dokar iyali. Alƙalin alƙalai ne ke fitar da manshuri, wato takardar umarni, kotunan shari'a su bi. Don haka ba a bukatar ƙuri'ar majalisa, a shawo kan malaman fiƙihu ake bukata. Matan Ittihad suka tafi musu da hujja daga cikin littafin da malaman suka yarda da shi. Manshuri na 54 na 1960 ya sa yardar yarinya ta zama sharaɗi a ɗaurin aure, bayan a da uba na da ikon tilastawa bisa mazhabar Malikiyya. Sai baitul ɗa'a: miji ya kai ƙara matarsa ta yi yaji, kotu ta yanke, 'yan sanda su je gidan ubanta su ɗauko ta. A 1969 aka hana 'yan sanda wannan aikin. Ki lura, ba a soke hukuncin ɗa'a ba, ɗaukowa da ƙarfi aka soke. Macen da ta ƙi komawa tana rasa ciyarwa, amma ba mai jan ta. A tsakanin nan mata suka shiga alƙalanci, Ihsan Fakhri a 1965, Najwa Kamal Farid a kotun shari'a a 1970.

Inda abin ya tsaya shi ne abin da ya kamata ajinku ya fi daɗewa a kai. Dokar ƙwadago ta 1997 ta ba mace hutun haihuwa sati 8 da cikakken albashi, ta ba wadda mijinta ya rasu hutun takaba wata 4 da kwana 10, shi ma da albashi. Madalla. Amma sashe na 3 na wannan dokar ya fitar da 'yan aikin gida, da yawancin ma'aikatan gona, da masu aikin rana-rana. To, su wane ne namu? Mai tsintar auduga a Jazira, mai yankan riɗi a Gadarif, mai godogodo da gyaɗa a bakin tasha, mai wanki a gidan mutane. Duk abin da aka yi gumi a kai tun 1952 ya tsaya a bakin ƙofar ma'aikatar gwamnati. Matar kambo da ta haihu ranar Talata tana gona kafin suna, don in ba ta fita ba babu kuɗin yini. Ittihad ta taso ne daga 'yan makaranta na Umdurman da Hartum, tun farko ma sai mai karatu ke shiga kafin daga baya a buɗe. Sun kai rassa garuruwa, amma abin da suka fi sani shi suka fi yi wa yaƙi.

Sai jinsiyya. Dokar 1957 ta ce ɗan ƙasa shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun 31 Disamba 1897. Ki duba lissafin. An yi yaƙin Burmi da Turawa a 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka iso bakin kogin Nilu Shuɗi bayan haka, aka kafa Maiwurno. Aikin noman auduga na Jazira ya buɗe a 1925, ya jawo wasu dubbai. Duk sun zo bayan ranar da doka ta yanka. Sai a nemi jinsiyya ta tajannus, wato irin ta baƙon da ya nemi zama ɗan ƙasa, ba ta haihuwa ba, da shaidu da yawon ofis, kuma a gida ɗaya namiji ake fara yi wa, don shi ke tafiya. Daga baya aka matso da ranar zuwa 1924, dokar 1994 ta kai ta 1 Janairu 1956, tsarin mulkin 2005 kuma ya ce wanda uwarsa 'yar Sudan ce shi ma yana da haƙƙi. Saboda haka in kin ce musu mata sun samu ƙuri'a a 1965, ki tambayi tsofaffin ajin wace shekara kowacce ta fara riƙe takarda da sunanta. Za ki ji amsoshi.

Abu ɗaya kuma: abin da manshuri ya bayar, kundi na iya karɓewa. Dokar iyali ta 1991 ta halatta aurar da yarinya mai shekara 10 da izinin alƙali, sashe na 152 na dokar laifuka ta shekarar ya sa bulala har 40 kan sutura. Masu shayi da masu talla su suka fi shan samamen 'yan sanda a ƙarƙashin nizamul am, dokar tsarin jama'a, ba matan ofis ba. Sai Nuwamba 2019 aka soke shi, a Yuli 2020 kuma kaciyar mata ta zama laifi mai ɗaurin har shekara 3.

Abu Sadik, Jidda

Ustaza, Allah ya ƙara ilimi. Amma ina ganin ana zagaye tambayar Ummu Hafsa ta ƙarshe. In wata ta ce shuyu'iyya ce, gaskiya ta faɗa, a amsa mata da e. Ta shiga jam'iyyar a 1954, ta kai kwamitin ƙoli, ba ta taɓa ɓoyewa ba. In aka yi musu kwana-kwana, ranar da suka ji daga wani wuri sun daina yarda da sauran darasin.

Abin da za a ƙara shi ne abin da ita kanta ta riƙa nanatawa: cewa 'yancin mace ba zubar da addini ba ne ko kwaikwayon Turawa, kuma namiji ba shi ne abokin gaba ba, jahilci da talauci ne. Da tob ɗinta, lulluɓin matan Sudan, aka san ta har a Landan, da aya da hadisi take jayayya, har wasu 'yan boko suna sukarta cewa ta cika ra'ayin mazan jiya. A kuma faɗa musu cewa a ƙarshen 1965 an haramta jam'iyyar, aka kori 'yan majalisarta, bayan wani ɗalibi ya yi mummunar magana kan iyalan gidan Annabi (SAW) a wani taro a Umdurman. Kotu ta ce korar ta saɓa wa tsarin mulki, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu, Babikir Awadallah ya ajiye shugabancin alƙalai a 1967. Kowa ya auna da kansa.

Batun zaman lafiya kuwa, ni ban yarda a ƙara gishiri ba. A sulhun Naibasha da ya kawo ƙarshen yaƙin Kudu, Ali Usman Taha na gwamnati da Jon Garang na 'yan Kudu ne suka zauna, ba ita ba.

Hajiya 'Yar Damazin

Abu Sadik, ba wanda ya ce ta sa hannu a Naibasha. Amma sulhu ba sa hannu kaɗai ba ne, ɗana.

Ga abin da ke tabbace. Ɓangarenta na siyasa tun shekarun 1950 yake cewa matsalar Kudu ba ta bindiga ba ce, a ba su cin gashin kai, lokacin da faɗin haka ke sa a kira mutum maci amana. Mijinta al-Shafi' Ahmad al-Shaikh, sakataren ƙungiyar ƙwadago, yana cikin waɗanda Numeiri ya rataye a kurkukun Kobar a ƙarshen Yuli 1971, bayan juyin mulkin Hashim al-Ata na kwana uku, tare da Abdul Khaliƙ Mahjub da Josef Garang. Ita aka tsare ta a gida sama da shekara biyu da ƙaramin ɗa, aka rushe Ittihad, gwamnati ta kafa tata. Bayan Bashir ya hau a 1989 ta fita zuwa Ingila a 1990. A 1991 aka zaɓe ta shugabar ƙungiyar mata ta duniya ta WIDF, a 1993 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba Ittihad lambar kare haƙƙin ɗan Adam, a 2006 ta samu lambar Ibn Rushd. Ta dawo a ƙarshen 2005 ta zauna a majalisar da aka naɗa bayan yarjejeniyar Naibasha, ta bar ta a 2007. Har ta koma ga Allah ba ta daina neman a faɗi yadda aka yi da mijinta da inda aka binne shi ba. A wurinta sulhun da ba a faɗi gaskiya a cikinsa ba rufe tukunya ne a kan wuta. Wannan shi ne darasinta a wannan babi, kuma mu da muka ga rikicin ƙabilanci na Yulin 2022 a Nilu Shuɗi mun san zafinsa.

Ummu Hafsa, ki sauko da zancen zuwa judiyya, sulhun gargajiya, ita suka sani. Yadda take tafiya: ajawid, wato dattawan sulhu, su shiga tsakani, a tsayar da faɗa, kowane ɓangare ya kawo lissafin rayuka da raunuka da dukiya, a cire na wannan daga na wancan, a yanka diyya, a raba biyanta kashi-kashi, a yi rantsuwa da Alƙur'ani, a karanta Fatiha. Wuri uku abin ke lalacewa, kuma duka ukun saboda babu mace a rumfar.

Lissafin asara maza ke kawo shi, sai ka ji shanu da injin ban ruwa da shago. Tukwane, katifa, keken ɗinki, awakin mace, zinaren aurenta, jarin tallarta, ba sa shiga takarda. An ce an biya diyya, amma wadda za ta girka abinci ta koma gida ba ko murhu. Maganinsa mata su yi nasu lissafin gida-gida tun kafin zama, a rubuce, da sunan mai kaya da shaidu biyu, a miƙa wa ajawid kwafi, a riƙe kwafi.

Na biyu rabon diyya. Dangin uba ke karɓa, alhali a shari'a diyya gado ce: matar mamaci tana da ɗaya bisa takwas in akwai 'ya'ya, ɗaya bisa huɗu in babu, uwa tana da nata, 'ya'ya mata suna da nasu. In ba a rubuta sunayen magada a takardar sulhu ba, kuɗin na narkewa a hannun baffanni. A nemi limami ya karanta rabon a bainar jama'a ranar karɓar kashin farko, ba bayan an gama ba.

Na uku shi ne wanda ba a faɗa. Abin da aka yi wa mata a lokacin faɗa ba a kawo shi rumfa, don kunya. Ba a biya ba, ba a nemi gafara ba, yana nan a zuciyar 'yan uwanta maza, shi ke hura wutar gaba. Sai an ware dattijai mata biyu ko uku da za su saurara a ɓoye su kai wa ajawid adadi ba tare da suna ba.

A sama ma haka yake. An ba mata kashi 25 cikin ɗari a dokar zaɓe ta 2008, takardar tsarin mulki ta 2019 ta ce kashi 40 a majalisar riƙo, majalisar ba a ma kafa ta ba. Kujerar kaso jam'iyya ke cika ta, wadda aka ɗora tana kallon fuskar wanda ya rubuta sunanta. Fatima tana da ajujuwa da mujalla da rassa a bayanta kafin ta samu kujera, shi ya sa ba mai iya ce mata zauna. A nan Jidda ɗin da kake, Abu Sadik, aka sa hannu kan yarjejeniya tsakanin sojoji da dakarun RSF a Mayu 2023, ka tuna fuskokin da ke teburin. Matan suna takaya, wuraren dafa abincin sadaka, suna dafa wa unguwa.

Ummu Hafsa, Gadarif

Allah ya saka da alheri, Hajiya, wannan na judiyya kaɗai zama guda ne. Tambaya ƙarama: wata ta ce mini ita ce ta tsaya takarar shugaban ƙasa. Haka ne?

Malam Na-Maiwurno, Sinnar

A'a, an haɗa miki Fatima biyu. Wadda ta tsaya a 2010 Dakta Fatima Abdul Mahmud ce, minista a zamanin Numeiri, wato gwamnatin da ta rataye mijin wannan. Ki rubuta su uku a allo don kada a sake: Fatima Talib shugabar Ittihad ta farko, Fatima Ahmad Ibrahim ta barlaman, Fatima Abdul Mahmud ta takara.

Rasuwarta 12 Agusta 2017 ce a Landan, aka kawo gawa aka binne a Umdurman. In an tambaye ki jana'izar, manyan gwamnati sun zo, har da firayim minista Bakri Hasan Salih, jama'a suka yi ta ihu sai da suka fice. Shekara ɗaya da wata huɗu ke nan kafin boren Disamban 2018 kan Bashir.

In za ki nuna hoto, ki nemi na shigarta majalisa da farin tob, ki buga shi babba a takarda. Waya ɗaya ba ta isar aji, kuma tsofaffin ba sa gani a ƙaramin gilashi.